Faransanci Na Je Koyarwa, Yagana Aka Ba Ni

Ranar Talata da la'asar motarmu ta shiga Maiduguri, bayan na yi kwana biyu a hanya daga Damagaram. Ƙafafuna sun kumbura har takalmina ya ƙi shiga. Daga Damaturu zuwa bakin gari ban san sau nawa aka sauke mu ba. A kowane shinge sai an karɓi katina na Nijar a juya shi gaba da baya, a tambaye ni abin da ya kawo ni. Ni kuwa da alfahari nake amsawa cewa malama ce ni, Faransanci na zo koyarwa. Wani dillalin raguna ɗan unguwarmu ne ya haɗa ni da aikin. Ya ce makarantar kuɗi ce a unguwar Fezzan, akwai ɗaki, akwai fanka, kuma mai makarantar da kansa zai tarye ni a tasha.

Babu wanda ya tarye ni. Na kira lambar da aka ba ni har cajin wayata ya kusa ƙarewa, ba a ɗauka ba. Wani mai Keke Napep mai furfura ya rantse min cewa ya san makarantar kamar gidansa, ya ɗauke ni, muka zaga gari. Sai da muka wuce wani masallaci mai koren fenti karo na uku na gane shi ma tambaya yake yi, da Barbarci, don kada in ji.

Da ƙyar muka sami makarantar. Mai makarantar, Darakta kowa yake ce masa, har matarsa. Mutum ne mai fara'a, kuma fara'ar tasa ce ta fi ba ni haushi daga baya. Ya karɓi takarduna ya duba su yana gyaɗa kai, ko da yake kalma ɗaya bai iya karantawa a cikinsu ba. Sannan ya gaya min cikin sanyin murya cewa ai Faransancin an riga an ba ƙanen matarsa, wanda ya taɓa yin wata uku a Njamena yana sayar da atamfa. Ɗakin kuwa ya nuna min shi. Sito ne cike da karyayyun bencina, babu ƙyaure. Fankar ma na gan ta, tana ajiye a ƙasa da fiffike ɗaya. Ya ce kada in damu, akwai wani aiki da ya fi dacewa da ni, in dawo da safe.

Na fito bakin makarantar na zauna a kan jakata. Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai tana kwashe kayanta, ta dube ni ta ce, "Kai baƙuwa ne? Tashi ka ɗauki kaskon nan, mu tafi."

Na waiga in ga namijin da take yi wa magana, ban ga kowa ba. Haka Hausar Kaka Falmata take, mace da namiji duk kai ne a wurinta. Na bi ta har unguwar Bulabulin, ta lunguna masu cike da tebura, wannan na sayar da omo ƙulli-ƙulli, wancan na sayar da busasshen kifi. Ta ba ni rabin ɗakin da take ajiye itacen turaren wuta, ta zubo min burabusko da miyar kuka. Ba ta tambaye ni ko 'yar waye ni ba sai bayan kwana uku.

Da safe Darakta ya kai ni aji ɗaya ya nuna min wata yarinya a lungu, ya ce aikina shi ne in zauna kusa da ita. Zama kawai, in ji shi. Sunanta Yagana, shekarunta shida, an yi mata kitso mai kyau, kayanta a goge. Na gaishe ta, ba ta dube ni ba. Tana jera murafan kwalba a kan benci, ja a gefe ɗaya, rawaya a ɗaya gefen. Na ce a raina wannan ai hutu ne.

Ƙararrawar makarantar ƙarfen tayar mota ce da aka rataye a jikin darbejiya, mai gadi yana dukanta da guntun rodi. Da ya buga ta, Yagana ta toshe kunnuwanta, ta ƙwala ihu, ta fita a guje. Na bi ta. Takalmina ya fice a bakin aji, na ci gaba da gudu ƙafa ba takalmi, mayafina yana jan ƙasa, har na cim mata a bakin titi. Na rungumo ta ta baya, ta juyo ta gantsara min cizo a hannu. Tabon yana nan har yau.

Haka na yi wata guda. Ina zuwa da safe in yi gudu, in koma da yamma in gasa ƙafa. Malamar ajin, Anti Saratu, 'yar Biu ce, ba muguwa ba ce, amma yara sun yi mata yawa, kuma ta ɗauka tunda an kawo ni Yagana ta fita daga wuyanta. Shawara kuwa babu wanda bai ba ni ba. Malamin lissafi ya ce sakalci ne, bulala biyu za ta gyara ta. Mai shara ta ce mutanen ɓoye ne, a yi mata hayaƙi. Ƙanen matar Darakta, wanda nake jiyo shi ta bango yana koya wa yara Faransancin da ko a kasuwar Njamena ba a yin irinsa, ya ce in daina sakar mata fuska. Duk cikinsu babu wanda ya taɓa zama da ita minti goma.

In Inna ta kira ni daga gida sai in ce mata aiki yana tafiya daidai, yara suna son Faransanci. In na kashe wayar sai in zauna ina tunanin furar gidanmu da alkakin da ake kawowa ranar Juma'a. Abin da ya fi damuna shi ne magana. A Damagaram muna da Barebari maƙwabta, na zaci zan riƙa tsintar wani abu, amma a nan in mata suka ɓarke da hira a tsakar gida ji nake kamar kurma. In na ce lakwal maimakon makaranta yara su fashe da dariya. Turancina kuma bai wuce gaisuwa ba.

Mahaifin Yagana, Alhaji Modu, dillali ne a kasuwar dabbobi. Shi yake kawo ta da safe. Kullum sai ya fito daga mota ya gaishe ni da girmamawa, ya ce, "Dakta, an tashi lafiya?" Na ɗauka al'adar garin ce, kamar yadda ake ce wa kowane mai kanti Alhaji. Sai ranar da na tambayi Anti Saratu abin da aka rubuta da Turanci a sabon ƙyallen da aka ɗaura a ƙofar makaranta. Ta dube ni da mamaki ta ce ai ni aka rubuta. Ƙyallen yana sanar da iyaye cewa makarantar ta kawo ƙwararriya daga ƙasar waje don kula da yara masu buƙata ta musamman. Ta ƙara da cewa Darakta ya gaya wa Alhaji Modu a Faransa na yi karatu, shi ya sa kuɗin makarantar Yagana ya bambanta da na sauran yara.

Na shiga ofishinsa ko sallama ban yi da kyau ba. Ya saurare ni har na gama, yana murmushi.

"Malama Rakiya," in ji shi, "Nijar ba ƙasar waje ba ce? Takardunki ba da Faransanci aka rubuta su ba? To ina ƙaryar take?"

Na ce masa ban san komai a kan irin lalurar yarinyar nan ba, ko sunan abin ban sani ba. Ya ce ai babu wanda ya sani, shi ya sa babu wanda zai kama mu. Ya tuna min cewa mota tana tashi zuwa Kano kullum, in aikin bai yi min ba.

Zan so in ce a ranar na je na gaya wa Alhaji gaskiya. Ban je ba. Kunyar komawa Damagaram hannu wofi bayan duk alfaharin da na yi ita ta rufe min baki. Washegari ya ce min Dakta, na amsa. Abin ya dame ni har na kasa cin abinci, Kaka Falmata ta zaci zazzaɓi ne ta dafo min ganyen darbejiya. Daga ƙarshe na yanke shawarar cewa tunda ba ni da ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya, aƙalla in nemi wanda ya san yarinyar ya koya min.

Ranar Asabar na tafi Limanti, gidansu Yagana. Mahaifiyarta, Ya Bintu, siririyar mace ce mai magana ƙasa-ƙasa, Hausarta a tsinke. Na ce mata na zo ne in tambaye ta yadda take yi da Yagana a gida. Ta ce makarantu biyu yarinyar ta yi kafin wannan, kuma ni ce mutum na farko da ya tambaye ta.

A bakinta na fara jin sunan abin. Ta ce likita a asibiti ya kira shi otizim, a rediyo kuma ta ji ana ce masa galahanga. Likitan ya gaya musu babu ƙwaya ko allurar da ke cire shi, ba kuma ɗaukarsa ake yi ba. Haka Allah ya yi ta, a sa ta cikin yara, a bi ta a hankali. Daga nan ta shiga lissafa min abubuwa. Yagana ba ta jure ƙarar da ta zo mata ba zato, amma in an sanar da ita tana iya daurewa. Ba a taɓa ta ta baya. Ba ta cin shinkafar da miya ta taɓa. Tana jin magana sarai in gajeruwa ce kuma da Barbarci. Ni kuwa wata guda ina yi mata dogayen jawabai da Hausar Damagaram, ina rungumo ta ta baya.

Ya Bintu ta koya min kalmomi. Are, wato zo. Namne, zauna. Nji, ruwa. Ta kuma gaya min cewa wata ma'aikaciyar jinya ta taɓa nuna mata yadda ake amfani da hotuna, yaro ya miƙa hoton abin da yake so in bakinsa ya ƙi faɗa. Ta kai shawarar tsohuwar makarantarsu, aka ce mata nan wurin karatu ne, ba wurin wasa ba.

Na samo kwalin taliya a shagon lungunmu na yanka shi gida-gida. Na zana kofi, na zana kwano, na zana littafi da gida. Bayan gida ya gagare ni zanawa, sai na zana buta. Zanen nawa bai da kyau, Kaka Falmata ta ɗauki gidan a matsayin kaza. Amma Yagana ta gane.

Sauran abubuwan da nake buƙata ƙanana ne, kuma kowanne sai da na yi yaƙi a kansa. Bencinta yana jikin tagar da ke kallon injin markaɗen maƙwabta. Na roƙi a matsar da ita ɗaya ɓangaren, Darakta ya ce an jera yara ne bisa tsayi, ba zai ɓata tsari don mutum ɗaya ba. Mako uku muna wannan maganar, sai wata safiya na ɗauki bencin da kaina na mayar, babu wanda ya ma lura. Mai gadi na roƙe shi ya riƙa ɗago min hannu kafin ya buga ƙarfe. Ya ce shekara goma sha yana buga shi bai taɓa neman izinin kowa ba. Sai da na koyi gaishe shi da Barbarci, ina durƙusawa ina wushe wushe kamar sabuwar suruka, sannan ya yarda. In ya ɗago hannu sai in nuna wa Yagana, ta toshe kunnuwanta da kanta, a buga, ta sauke. Ranar farko da aka buga ƙarfen tana zaune ba ta tashi ba, ni ce na kusa yin ihu.

Ba kullum ake dacewa ba. Akwai ranar da aka sauya mata benci don za a yi taro, ta kwanta a ƙasa tana buga kai, na rasa abin yi na zauna kusa da ita har ta gaji. Akwai matar da ta zo ta tsaya a bakin aji ta ce a ware wa Yagana kofinta daban, kada ɗanta ya ɗauka. Na yi mata bayani da duk haƙurin da ya rage min, ta dube ni sama da ƙasa ta ce in ni likita ce me ya sa ban warkar da ita ba. Amma kafin ƙarshen zango Yagana tana zama har lokacin tara, tana miƙo min hoton kofi maimakon ta kifar da jarkar aji, tana kuma bin harafin farko na sunanta da fensir. Anti Saratu ma ta fara tsayawa a gabanta ta ce namne, ta jira.

Sai jarrabawa ta zo. Yagana ta cika takardunta da ƙananan da'irori a jere, layi bayan layi, tsaf kamar ɗinki. Darakta ya kira ni ya ce in sami sabuwar takarda in rubuta mata amsoshi da hannun hagu. Na ƙi. Ya ce ba komai. Ranar da aka ba da sakamako na ga katinta, shi da kansa ya cika shi. Yagana ta zo ta biyar a aji, Turanci da lissafi duk ta yi zarra.

Washegari da hantsi ina wanki a tsakar gida aka ce ana sallama da Dakta. Na fita na tarar da Alhaji Modu a ƙofar gida cikin babbar riga, yana riƙe da igiyar wani farin rago mai ƙaho a murɗe. Rabin lungun sun fito kallo. Ya ce ya kawo min ne don godiya. Ya ce shekara shida 'yan'uwansa suna ce masa ya haifi wadda ba za ta amfani kowa ba, jiya ya zaga da katin nan gida-gida ya nuna musu.

Na dubi ragon, na dubi hannuna da kumfar sabulu. Na ce masa ya matso gefe.

"Alhaji, ni ba dakta ba ce. Ban taɓa zuwa Faransa ba, iyakata Yamai, shi ma sau ɗaya. Malamar firamare ce ni. Duk abin da na sani a kan Yagana, Ya Bintu ce ta koya min. Katin nan kuma ƙarya ne, ba ta rubuta ko amsa ɗaya ba."

Kukan ragon ya cika min kunne. Can ya ce, "To me 'yata ta iya?"

Na gaya masa. Tana zama a aji har tara. Tana neman ruwa ba tare da ihu ba. Ta san bencinta. Ta fara rubuta harafi ɗaya.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Alhaji. Kuma da wuya aka same shi."

Ya tambaye ni tun yaushe na san abin da aka ce a kaina. Na ce tun wata na biyu. Ya ce ke nan duk safiyar da ya ce min Dakta na amsa, na sani. Na ce na sani. Ya juya ya ja ragonsa ya tafi. Da na koma ciki Kaka Falmata, wadda ta ji komai ta bayan ƙyaure, ta ce gaskiya abu ne mai kyau, amma me zai hana in bari a ɗaure ragon tukuna.

Kafin la'asar Darakta ya kira ni a waya. Karo na farko ke nan da na ji shi babu fara'a. Ya ce ni maciya amana ce, ya ɗauko ni daga daji ya rufa min asiri, kada ya sake ganina a ƙofar makarantarsa. Alhaji Modu ya cire 'yarsa. Na ji labari ƙyallen ya ƙara wata biyu a ɗaure kafin iska ta yaga shi.

Na yi hutun nan ina taya Kaka Falmata tuyar ƙosai a bakin titi, ina shirya ƙaryar da zan yi wa Inna in na koma. Saura mako guda a koma makaranta sai ga Ya Bintu a Bulabulin, tana riƙe da hannun Yagana, hotunan kwalina a ɗaure da roba a ɗaya hannun. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni. Ta ce ita tun makon farko ta san ni ba likita ba ce, domin ta hango ni daga Keke ina gudu ba takalmi ina kiran sunan Allah. Ba wannan ya kawo ta ba. Alhaji ya rantse ya gama da makaranta, zai kai Yagana ƙauye wurin kakarta ta zauna cikin awaki, inda babu mai yi masa dariya. Ta yi ta roƙonsa har ya ba ta zango ɗaya. In ba a sami makarantar da ta karɓe ta ba, ko aka karɓa aka koro ta, shi ke nan.

Kwana biyar muka yi muna yawo a rana. Ni na dage cewa duk inda muka shiga za mu faɗi gaskiya tun daga bakin ƙofa, kuma gaskiyar ta sa aka yi ta sallamarmu. Wata makaranta suka ce gurbi ya cika, alhali muna ganin bencina babu kowa. Wata suka ce mu kai ta makarantar kurame, na ce tana ji fiye da ni, suka ce to ta makafi. Wani shugaban makaranta ya ce zai karɓe ta da sharaɗin ta zauna a ofis, kada iyaye su gan ta. A wata kuma aka tambaye mu takardar likita mai nuna ta warke. A nan ne na ɗaga murya har Ya Bintu ta ja ni waje.

Ta ƙarshe firamaren gwamnati ce da ke bayan gidansu a Limanti, wadda tun farko Alhaji ya raina. Shugabar makarantar dattijuwa ce mai tabarau, ta saurare mu tana cin gyaɗa. Ta kai mu aji ɗaya ta nuna mana yara zaune a tabarmi har bakin allo.

"Ni ba a ba ni ikon korar ɗan kowa ba," in ji ta. "Amma ku duba da idonku. In za ki zauna da ita, Malama, ku kawo ta ranar Litinin. In abin ya gagara zan gaya muku a fuska."

Alhaji ya ɗauki nauyin zamana ta hannun matarsa, amma ya daina yi min magana. Aiki ya koma farko. Sabon wuri, sabuwar hayaniya, Yagana ta yi mako biyu ba ta wuce bakin ƙofa ba. Na shimfiɗa mata ƙaramar tabarma a nan, kullum ina matsar da ita taku ɗaya zuwa ciki. Malamar ajin da ta ga akwai babba a ɗakin sai ta mayar da ni mataimakiyarta ba tare da shawara ba. Yau suna, gobe gaisuwar mutuwa, jibi asibiti, ta bar min yara fal ɗaki ina koya musu Turancin da ni ma da safen nake haddace shi. Na kai ƙara wurin shugaba, ta ce in yi haƙuri, ta miƙo min gyaɗa.

Amma a ajin nan na ga abin da ban gani ba a Fezzan. Yaran da Barbarci suke wasa, kuma babu wanda ya gaya musu cewa Yagana abin tsoro ce. Wasu 'yan mata biyu da ke zama kusa da ita suka koyi hotunan kafin malamarsu ta koya. In ta ɗaga buta, ɗaya ta tashi ta raka ta. Ranar da mai tallar magani ya wuce da lasifika Yagana ta zabura ta nufi ƙofar makaranta, kafin in miƙe sun riga ni, suka tsaya a gabanta ba su taɓa ta ba, suna ce mata are, are, har ta juyo. Daga ranar na fara ja da baya. Na koma ƙarshen aji, bayan wata guda na koma bakin taga ta waje.

A bakin tagar Alhaji Modu ya same ni wata safiya ana saura kwana kaɗan zango ya ƙare. Bai gaishe ni ba, ya tsaya yana leƙe. An jera yara za a duba rubutu, Yagana tana cikin layi, ta huɗu daga gaba, tana riƙe da littafinta da hannu biyu tana ɗan lilo da jikinta. Layi ya matsa, ta matsa. Ya daɗe yana kallo. Da zai tafi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Malama, zango mai zuwa yaushe ake komawa?" Maganar ƙauye ba ta sake tashi ba.

Na ƙara zango ɗaya. Sakamakonta na gaskiya ya fito, ita ce ta ƙarshe a aji, malamar ta rubuta a ƙasa cewa tana rubuta sunanta kuma tana ƙirga har goma. Har lokacin kalmomin bakinta ba su da yawa, kuma akwai ranakun da sai an mayar da ita gida kafin a tashi. Sai ga waya daga Damagaram cewa ciwon ƙafar da Inna ta daɗe tana fama da shi ya tsananta, babu mai zama da ita. A wayar nan na gaya wa Inna cewa ko darasi ɗaya na Faransanci ban koyar ba tun zuwana. Ta ce in dawo dai, ma yi maganar.

Mako biyu na yi ina shirya Yagana. Na rage zuwa, yau in zo gobe in ƙi. Na nuna mata jakata, na nuna mata hanyar tasha, Ya Bintu tana yi mata bayani da gajerun kalmomi. Kaka Falmata ta cika min leda da turaren wuta har kayana suka ƙi rufuwa, ta ce in na isa in gaishe da babarka.

Ranar tafiya na biya ta makarantar da sassafe, Keke yana jirana da jakata a ciki. Na tsaya a bakin ƙofa na shirya abin da zan ce, na kuma shirya yadda zan ɓamɓare Yagana daga jikina in ta riƙe ni. Suka iso ita da mahaifiyarta. Na durƙusa daidai tsayinta na kira sunanta. Ta dubi gefen kunnena kamar yadda ta saba, ta zagaye ni kamar an ajiye turmi a hanya, ta wuce. Ta cire takalmanta a bakin aji ta jera su, ta shiga ta zauna tsakanin ƙawayenta. Ko waiwaye ba ta yi ba.

Na miƙe ina kakkaɓe zanina. Shekara guda, da cizo, da gudu, da rago, ga sallamar da na samu. Ya Bintu ta dubi fuskata ta rufe baki da mayafi tana dariya, idanunta cike da hawaye.

"Malama, so kika yi ta yi kuka?"

Na ce mata ko kaɗan ne ai da ta yi.